Gadon 'Yan Biyun da Na Saya Don Idon Baƙi

Ranar sunan 'yan biyuna ba za ta taɓa fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekara tara ke nan, amma ko yau aka tashe ni daga barci zan iya lissafa launin mayafan da ke falona a wannan azahar ɗin. Ko da ma na so mantawa, matata tana nan da ranta da lafiyarta, kuma Allah ya hore mata baiwar tuna abu a daidai lokacin da mutum ya fara jin kansa.

Sana'ata sayar da katifa ce a kasuwar Kontagora. Na faɗi wannan tun da wuri ne don mai karatu ya san ba jahilci ne ya kai ni ga abin da na yi ba, sani ne ya yi mini yawa. A lokacin na shekara goma sha biyar ina danna soso da yatsa ina gaya wa mutane wanda zai gyara musu baya da wanda zai karya shi. Manomi ya taso daga Beri, makiyayi ya taso daga Bobi, duk a gabana suke tsayawa su sha lacca a kan kwanciya kafin in bar su su taya. To mutumin da ya taka wannan matsayi, wa ya isa ya koya masa yadda ake kwantar da jariri?

Da aka yi wa matata hoton ciki aka ce biyu ne, ita abin da ya fara zuwa mata shi ne yadda za ta yi da shayarwa da wanki. Ni kuwa abin da ya fara zuwa mini shi ne ranar suna. Yaranmu biyu na farko sun zo ne lokacin da shagona bai wuce katifa goma ba, a bayan uwarsu suka yi ta kwana har suka girma. Yanzu Allah ya buɗa, ga 'yan biyu, na ce wannan karon sai an san wanda ya haihu. A wayar wani mai kawo mini kaya na ga gadon. Fari ne fat, mai faɗin da zai ɗauki yara biyu har da saura, da labulen leshi da ya sauko daga sama ya rufe shi, gefunansa an cusa musu auduga sun yi luhu-luhu, ga ƙananan filo masu siffar zuciya, ga wani abin wasa a rataye wanda idan aka murɗa shi sai ya riƙa juyawa yana kiɗa. Na ce a kawo. Katifar ciki kuwa ban yarda da ta kamfani ba, da hannuna na yanka daga soso mafi laushi a shagona, irin wanda idan ka dafa sai hannunka ya nutse har wuyan hannu.

Muna da maƙwabciya, katangarmu ɗaya, dattijuwa ce 'yar Rijau da ta yi aikin jinya a ɗakin haihuwa har ta yi ritaya. Duk unguwa Mama muke ce mata. Kirista ce, amma babu sunan da za a yi a layinmu ba ta riƙe ludayi ba, kuma rabin yaran layin ta hannunta suka iso duniya. Ita takan kira ni Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Sai daga baya na lura ba ta kirana haka sai ta ga kaina ya fara kumbura.

Na nuna mata hoton gadon baki har kunne. Ta sa tabarau ta duba, ta cire, ta ce in biyo ta. A wani ɗaki da take tara shirgi ta nuna mini gadon da jikokinta suka kwana a ciki, ɗan ƙaramin abu na katako, ko fenti babu, gefe ɗaya a sauke yadda za a manna shi da gadon uwa. Ta ce in ara, in sa kafinta ya buga mini wani irinsa, kowane yaro da nasa. Ta yi mini bayani dalla-dalla. A ajiye su inda uwar za ta miƙa hannu ta taɓa su ba tare da ta tashi ba. Katifa ta zama mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, ta cika gadon ba rami a gefe. Ba filo, ba bargo mai nauyi, ba 'yar tsana. A kwantar da su rigingine, kuma kada a jibga musu tufafi a wannan zafi. Ta ƙara da cewa 'yan biyu kan zo ƙanana, sun fi kowa buƙatar a kiyaye.

Na saurare ta yadda nake sauraron mai taya katifa da rabin kuɗi. Na ce, "Mama, wannan ai akwatin tumatir ne. 'Ya'yan mai katifa su kwana a kan katako, me mutane za su ce?"

Ta ce, "Alhaji, kai bayan manya ka sani. Jariri ba ya ciwon baya, hancinsa ake tsarewa."

Na yi dariya, na yi mata godiya, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Haihuwar ta zo kafin lokacin da muka zata, a tsakiyar bazara, mace da namiji. Namijin da ɗan auki, macen kuwa 'yar mitsitsiya, tafin hannuna ya kusa rufe bayanta. Washegari mahaifiyata, Inna, ta iso daga Sahon Rami don ta kula da wankan jego, ta taho da nata sashen ilimin. Na farko, 'yan biyu ba a raba musu makwanci, tare suka zo tare za su kwana, wanda ya raba su kuwa ya shirya karɓar kunama, don kowa ya san su ke da ita. Na biyu, babban maƙiyin jariri sanyi ne. A watan da ƙadangare ma ke neman inuwa a Kontagora, yaran nan sai da aka sa musu hula da safa da rigar sanyi, aka naɗe su da shawul. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ra'ayina da na Inna sun zo ɗaya ba sai a kan gadon nan. Ita tana so a haɗa su saboda kunama, ni ina so a haɗa su saboda baƙi, muka taru muka rinjayi ma'aikaciyar jinya ta shekara talatin.

Gadon ya iso ana saura kwana biyu suna. A tsakar gida na haɗa shi da kaina, ina gumi, mata suna leƙowa suna sa albarka. Da aka zo shigar da shi ɗakin mai jego, sai ya ƙi shiga. Aka karkata shi, aka ɗaga, aka juya, ƙofar ta ce ba ta san zance ba. Mai hankali da sai ya kwance shi ya sake haɗawa a ciki, ko ya gane cewa ko ya shiga babu inda zai tsaya kusa da gadon uwar. Ni kuwa da na ga ƙofar falo mai ɓari biyu ce, sai na ga ai wannan zaɓin Allah ne. Falo shi ne inda kowa zai zauna. Aka kafa shi a kusurwa, yana kallon ƙofa.

Ranar suna da safe aka raɗa, aka yanka raguna, wanzami ya yi aikinsa. Wajen hantsi mata suka fara cika gida, na aika ciki cewa a kwantar da yaran a gadonsu. Matata ta sa aka kira ni bakin ƙofa. A hankali ta ce falo ya yi mata nisa, daga ɗaki ba ta jin motsinsu, a bari sai taro ya watse. Na ce mata gida cike da iyaye mata sun fi hamsin, kowace ta haifa ta goya, me zai sami yaro a gaban idonsu? Wannan tambaya tawa har yau ana maimaita mini ita, a gida da kuma a cikin kaina.

Aka kwantar da su, aka saki labulen leshi, aka murɗa abin kiɗa. An ce mini mata sun yaba. Sun yaba na kamar minti goma, aka ɗauki hoto, wata ta tambayi daga ina aka kawo. Daga nan aka sauke shinkafa, gado ya zama tsohon labari. Abin da na kashe wata biyu ina shiryawa ke nan, na minti goma.

Sauran abin da ya faru daga baya na haɗa shi daga bakin mutane. Namijin ya yi kuka, wata gwaggonsu ta ɗauke shi. Duk wadda ta shigo bayan nan ta ga jariri a hannu, sai ta ɗauka gadon babu kowa, don labulen ya rufe ciki. Aka kira azahar, mata suka tashi alwala. Duk wanda ya san gidan suna ya san mace ba ta zuwa hannu rabbana, kuma ba ta alwala da mayafin anko a kafaɗa. Ana neman wuri mai tsabta da za a ajiye kaya, ga kuma wani farin abu mai faɗi a kusurwa, kamar don haka aka kawo shi. Ta farko a jikin gadon ta rataya mayafinta. Ta biyu ta ɗora a kai. Ta uku ta zura jakarta ta ƙasan labule. Aka bi da turamen atamfa na barka, da ledojin sabulu, da kayan jarirai. Babu wadda ta yi da mugunta, kowace abu ɗaya tak ta ajiye.

Ni ina waje ƙarƙashin rumfa ina karɓar gaisuwa, sai ga kawuna daga Beri. Babur ɗinsa ne ya lalace a hanya, ya rasa raɗin suna, kuma yana so ya juya da wuri. Ya ce a fito masa da yaran ya yi musu addu'a. Na tashi da kaina, don dai in sami dalilin ganin yadda gadona ke haskaka falo. Na yi sallama, mata suka ɗauki tsiya, ga angon ƙarni, ga angon ƙarni. Na karɓi namijin daga hannun gwaggonsa, na ce ina macen? Aka ce tana hannun ƙanwar mai jego. Ƙanwar tana cin shinkafa da hannu biyu, ta ce ai Inna ta ɗauka. Inna tana kan sallaya, ta ce tana wurin uwarta tana shan nono. Kowa ya ba ni amsa da cikakken tabbaci, babu wadda ta ce ban sani ba.

Na leƙa ɗaki. Matata na zaune ana ɗaura mata ɗankwali, cinyarta babu kowa. Na tambaye ta. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ba tana gadonka ba?"

Gadonka ta ce, ba gadonsu ba. Kafin in juya ta ture mai ɗaurin ta wuce ni da gudu, macen da tun da ta haihu sai ta dafa bango take tashi.

Ban san wa na miƙa wa namijin ba. Na dai tsinci kaina a gaban gadon muna yaye kaya ni da ita. Koren mayafi, ruwan hoda, wani baƙi mai duwatsu, shuɗi guda biyu, jaka, turmi, leda, wata jakar. Tana can ƙasa. A gefe aka kwantar da ita, kuma da aka ɗora jakunkuna a ɓarin da ɗan'uwanta ya tashi, sai soson ya lotsa ta wajen, ta gangara, fuskarta ta shige cikin filon nan mai siffar zuciya. Babu wanda ya buƙaci yi mini bayanin yadda aka yi. Ni na san soson nan, na san yadda yake bin nauyi, da wannan laushin nake tallarsa. Ta jiƙe sharkaf da gumi cikin hula da rigar sanyi, leɓenta ya sauya launi, da uwar ta ɗago ta sai hannuwanta suka zube. Abin wasan nan yana sama, mun bige shi garin yaye kaya, ya ci gaba da ɗan kiɗansa.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ban ƙara ji ba. Falo ya kaure da salati, iyayen nan mata hamsin da na dogara da su kowace ta fito da maganinta. Wata ta ce a watsa mata ruwa, wata ta ce a yi tofi, wata ta ce iska ce a kawo hayaƙi, wata ta riga ta fara kukan mutuwa. Ni kuwa, masanin kwanciya na kasuwar Kontagora, ina tsaye riƙe da jakar wata mata ban san ma ina riƙe da ita ba.

Mama tana tsakar gida tana rabon abinci. Ta shigo hannunta duk mai, ta karɓi yarinyar. Ta share kwanukan da ke kan teburin falo da gwiwar hannu, ta shimfiɗe ta a kan tsurar katako. Ta tuɓe hula da safa da rigar sanyi da shawul, ta share mata hanci, ta murza mata baya da tafin ƙafa, sannan ta sa bakinta a kan hanci da bakin yarinyar tana hura mata iska kaɗan-kaɗan. Ban san tsawon lokacin ba. Matata ta ce bai kai minti biyu ba, ni a wurina na tsufa a tsaye. Can sai ƙirjin ya motsa, ta yi wani ɗan tari, ta saki kuka siriri kamar na 'yar kyanwa. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Na durƙushe a gaban matan nan duka na yi kuka, babbar riga da hula da komai.

Mama ba ta bari an tsaya murna ba, ta ce asibiti yanzu. Kwana biyu aka riƙe yarinyar ana dubawa. Likitan ya tambayi inda take kwance abin ya faru, na kwatanta masa gadon, muryata ƙasa-ƙasa, ban ambaci leshi ba. Ya ce wa ya ba mu shawarar sa jaririya a soso mai laushi haka, ya kamata masu sayarwa su riƙa faɗakar da mutane. Matata, wadda ko a wannan hali ba ta yarda a bar tambaya ba amsa, ta ce, "Katifa yake sayarwa, likita."

Ranar da aka sallame mu, kafin in shiga gidana gidan Mama na fara shiga. Na gaishe ta, na yi godiya, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce ko gadon nan yana nan. Ta ce wane gado? Na ce na katakon nan. Ta ce, "Na tumatir ko na albasa, Alhaji?" Sai da na faɗa da bakina sannan ta miƙo mini makulli. Kafinta ya buga na biyun a yini ɗaya. Katifun na yanka daga soso mafi tauri a shagona, wanda nake sayar wa 'yan makarantar kwana ina kau da kai. Aka manna gadajen a jikin gadon uwar, kai da kai, kowane yaro a nasa, rigingine, da 'yar riga mai shara-shara.

Saura Inna. Na shirya yaƙi a kan kunama, har na tanadi abin da zan faɗa. Ta shigo ta tsaya ta daɗe tana kallon gadajen nan biyu, ta zauna a bakin gado. Na san ina da wa da ya rasu yana jariri kafin a haife ni, abin da aka gaya mana kawai shi ne mayya ce ta kama shi, wata maƙwabciyarsu a ƙauye. Inna ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ɗan fari ne. Ran nan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Tsakanina da bango ya kwana, cikin bargo biyu. Da safe fuskarsa na cikin filo. Har baiwar Allahn nan ta rasu ban amsa gaisuwarta ba."

Ta tashi ta je falo, ta kwaso ƙananan filon nan gaba ɗaya, ta fita da su, ban sake ganinsu ba. Ta yi kwana arba'in ɗinta a gidan, ko sau ɗaya ba ta ƙara zancen raba 'yan biyu ba. Kunama kuwa har yau muna jiranta.

Farin gadon yana nan a falo, matata ta hana a sayar. A ciki take jera kuloli da robobi, aikin da mata suka gano ya dace da shi tun ranar farko. Yarinyar yanzu tana aji huɗu, duk gidan babu mai bakinta, idan ta fara surutu sai in tuna ranar da na roƙi Allah in ji muryarta ko sau ɗaya, in ja bakina in yi shiru. A shago kuwa, idan sabon angon ƙarni ya zo yana neman soso mai laushi na jariri, nakan zaunar da shi in ba shi labarin nan. Wasu su saurara, wasu su yi mini irin dariyar da na yi wa Mama su wuce shagon gaba.

Abin da na koya ba mai wuya ba ne, ni ne dai na biya shi da tsada. Jariri ba ya buƙatar abin da zai burge mutane, wuri yake buƙata mai tauri, fili, babu tarkace, kusa da hannun uwarsa. Kuma taron jama'a ba tsaro ba ne, yaron da kowa ke gani shi ne wanda babu mai duba shi. Shi ya sa har gobe idan na tambayi ɗana aka ce mini yana hannun wance, sai na je na ga wance da idona. Ni gadon nan don baƙi na saya, baƙin kuma sun yi amfani da shi. 'Yata ce ta kusa biya.